Madannin Da Ake Damƙa Wa Majinyaci Bayan Aikin Dajin Tumbi

Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mutumin da aka yi wa aiki a ciki ya san cewa wahalar tana farawa ne bayan an fito daga ɗakin tiyata. A lokacin aiki majinyaci barcinsa yake sha, likitoci ne ke zuba gumi. Amma da zarar an turo shi ɗaki, maganin barci ya sake shi, sai ya ji kamar an kifa masa kaskon garwashi a ƙasan ƙirji. In ya ja numfashi zafi, in ya yi tari zafi, in ya ce zai juya kwanciya kuwa sai ya yi shawara da zuciyarsa tukuna. Cikin ayyukan da ake yi a ciki, kaɗan ne suka kai aikin cire dajin tumbi wannan azaba, domin yankan yakan taso daga ƙarshen ƙashin ƙirji har zuwa cibiya, wato daidai wurin da ke motsi duk lokacin da mutum ya shaƙi iska.

Ciwon dajin tumbi ba ƙaramin ciwo ba ne a duniya. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 mutum fiye da miliyan 1 ne suka kamu da shi, kimanin 770,000 kuma suka rasu. Ya fi yawa a gabashin Asiya, wato Japan da Koriya ta Kudu da Sin da Mongoliya, shi ya sa likitocin can suka fi kowa gogewa a kan aikinsa. Babban abin da ke share masa hanya wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda ita ce kuma ke jawo yawancin gyambon ciki. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka gano ta a 1982, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Shan taba da yawan cin abinci mai gishiri su ma suna ƙara haɗarin.

Har yau, in ciwon bai bazu ba, maganinsa na haƙiƙa shi ne wuƙa. Theodor Billroth ne ya fara cin nasarar yanke ɓangaren tumbi mai daji a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a watan Janairun 1881. A yanzu akan cire rabin tumbin na ƙasa ko fiye, ko kuwa a cire shi ɗungum a haɗa maƙoshi da hanji, sa'an nan a kwashe kaluluwar da ke kewaye da shi domin nan ne ciwon yake fara yaɗuwa. Aiki ne na sa'o'i da dama. To, tambayar ita ce, yaya za a yi da mutumin a kwana uku na farko?

A nan ne ya kamata mu tsaya a kan wata ɗabi'a tamu. Mu mutane ne masu yabon dauriya. Dattijo yana ganin abin kunya ne ya yi nishi a gaban surukinsa ko 'ya'yansa, mace kuwa tun daga haihuwar fari aka koya mata cije haƙori. Wannan hali yana da kyau a wurare da yawa, amma a gadon asibiti bayan aikin ciki cutarwa yake yi. Dalili kuwa shi ne, mutumin da cikinsa ke masa zafi ba ya cika huhunsa da iska, sama-sama yake numfashi don gudun motsa ciwon. Ba ya yarda ya yi tari, saboda haka majina takan taru a ƙasan huhu, wurin ya lanƙwashe, ƙwayoyin cuta su sami masauki, kafin a ankara ciwon huhu ya shigo. Ba ya tashi ya taka, saboda haka jini yakan daskare a jijiyoyin ƙafa, gudan jinin kuma yana iya ɓallewa ya tafi ya toshe huhu. Ga zuciya tana ta bugawa da sauri, ga rashin barci. Wanda ya daure bai ce komai ba, sau da yawa shi ne wanda zai daɗe a asibiti.

Tsohuwar hanya ita ce allurar mofin ko 'yan'uwansa a cinya ko a jijiya, bayan kowace awa huɗu ko shida, ko kuwa in majinyaci ya yi kuka. Mai karatu ya san yadda abin yake tafiya. Zafi ya taso, a aika ɗan jinya ya nemo nas, nas tana can wajen wani, in ta zo sai ta nemo makullin akwatin magani, a rubuta, a zuƙa, a yi allurar, a jira ta kama jiki. Kafin nan an ci awa guda. In ta kama kuma sai ta kama da ƙarfi, mutum ya yi ta gyangyaɗi da tashin zuciya, bayan 'yan sa'o'i ta sake shi, a koma gidan jiya. Ƙari a kan haka, mofin yana sa hanji ya yi kasala, alhali kuwa hanjin da aka ɗinka so ake ya farka da wuri.

Hanyar da muke magana a kanta a yau dabaru biyu ne aka haɗa. Ta farko ita ce kai magani kusa da laka, wadda likitoci ke kira efidural. Ta biyu kuwa ita ce damƙa wa majinyaci ikon ƙara wa kansa maganin.

Bari mu fara da ta farko. Lakar mutum tana kwance ne a cikin ramin ƙashin baya, a nannaɗe cikin wata jaka mai kauri da ruwa a ciki. Tsakanin wannan jaka da bangon ƙashi akwai wani siririn fili mai ɗan kitse da jijiyoyin jini, kuma duk jijiyar da za ta fita daga laka zuwa jiki, ko ta kawo saƙon zafi daga jiki, sai ta ratsa ta wannan fili. Kowane yanki na jiki da ƙofarsa. Ƙashin baya na ƙirji gaɓa 12 ne, jijiyoyin da ke kula da saman ciki kuwa suna fitowa ne daga wajen gaɓa ta 6 zuwa ta 10. Saboda haka in aka zuba maganin kashe jiki a daidai nan, sai a sami kamar ɗamara ta rashin jin zafi ta kewaye wurin yankan, ƙafafu kuwa suna nan da ƙarfinsu, kai kuma garau.

Wani likitan soja ɗan ƙasar Sifen, Fidel Pagés, shi ya fara bayyana wannan dabara a 1921, amma ya rasu a haɗarin mota bayan shekara biyu, aikinsa ya kusa ɓacewa, sai da Achille Dogliotti na Italiya ya sake fito da ita a farkon shekarun 1930. A lokacin allura ɗaya ake yi, in ta sake shi ke nan. A 1947 ne Manuel Martínez Curbelo na ƙasar Kyuba ya zura siririn bututu ta cikin allurar ya bar shi a wurin, domin a riƙa ƙara magani ba tare da sake huda ba. A 1979 kuma likitoci a Urushalima suka nuna cewa ɗan ƙanƙanin mofin a wannan fili yana kashe zafi na tsawon sa'o'i.

Yadda ake yi a yau shi ne, kafin a sa majinyaci barci, sai ya zauna a bakin gado ya sunkuya, ko ya kwanta ta gefe ya naɗe. Likitan sa barci ya wanke bayan, ya kashe fatar wurin da ƙaramar allura, sa'an nan ya tura babbar a hankali tsakanin gaɓoɓi biyu har ya ji alamar ta faɗa filin. Sai ya zura bututun roba wanda bai fi kaurin zaren kamun kifi ba, kamar santimita 4 ko 5 a ciki, ya zare allurar, ya manne bututun da filasta har zuwa kafaɗa. Allurar ba ta zama a jiki, mutum yana iya kwanciya rigingine. Ana yin sa ne ido biyu da gangan, domin in allura ta taɓa jijiya majinyaci ya faɗa.

Dabara ta biyu daga Amurka ta fito. A ƙarshen shekarun 1960 wani likita a birnin New York, Philip Sechzer, ya gwada ba majinyata madanni su danna duk lokacin da suka ji zafi, nas kuma ta ba su ɗan ƙaramin magani ta jijiya. Abin da ya gani shi ne, bukatar mutane ta bambanta ƙwarai, abin da ya ishi wani bai kai rabin na wani ba, amma kowa ya san gwargwadon nasa. Daga nan aka ƙera na'urar da ke yin aikin da kanta, ta farko da ta shiga kasuwa an yi ta ne a birnin Kadif na Birtaniya a 1976. A 1988 David Gambling da abokan aikinsa a Kanada suka haɗa irin wannan na'ura da bututun efidural ga mata masu naƙuda, daga baya aka kawo ta ga masu manyan ayyukan ciki da ƙirji.

Na'urar ɗan akwati ce da ake ratayawa jikin sandar ƙarin ruwa. A cikinta akwai jakar magani, galibi haɗin abu biyu: maganin kashe jiki da aka tsinka sosai, irin su bufibaken ko rofibaken, da ɗan ɗigon fentanil, wanda dangin mofin ne. Ana haɗa su ne don kowane ya rage wa ɗan'uwansa aiki, a sami sauƙi ba tare da an kai ga illar ko wanne ba. Likita yakan saita abu uku. Akwai abin da zai riƙa ɗiga dare da rana, alal misali mililita 4 zuwa 6 a awa. Akwai abin da zai shiga in majinyaci ya danna, kamar mililita 2 ko 3. Sa'an nan akwai lokacin kulle, kamar minti 15 ko 20, wanda a cikinsa ko sau ɗari aka danna na'urar ba za ta ƙara komai ba. Waɗannan adadi sun danganta da asibiti da kuma jikin mutum, likita ne kaɗai ke da lambar buɗe akwatin.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne lokacin dannawa. Maganin yana ɗaukar kamar minti 10 zuwa 15 kafin ya ratsa jijiya. Saboda haka ba a jira sai zafi ya kai intaha. Ana dannawa ne tun yana tasowa, ko kuma kafin a yi abin da aka san zai tayar da shi, kamar tashi zaune, ko motsa jiki da ma'aikacin gashi, ko wankin ciwo. Ma'aunin da ma'aikatan jinya suke dubawa kuwa shi ne ko mutum zai iya jan dogon numfashi ya yi tari mai ƙarfi, domin wanda ke kwance shiru yana iya cewa lafiya lau alhali ya ƙame ne kawai. Na'urar tana rubuta sau nawa aka danna da sau nawa ta bayar. In likita ya zo ya ga an danna sau 40 ta ba da 10, ya san ko dai maganin ya yi kaɗan ko bututun ya goce. Ashe dannawar ma magana ce, kuma ta dace da mutumin da ke jin nauyin buɗe baki ya ce yana jin ciwo.

Ga babbar doka, wadda ta fi shafar mu fiye da Turawan da suka ƙirƙiro abin: majinyaci ne kaɗai zai danna. Mu ba mu barin namu shi kaɗai a asibiti, kuma wannan abin alfahari ne. Amma tausayi yana iya yin kisa a nan. Matar da ta ga mijinta yana yamutsa fuska cikin barci, ta ɗauki madanni ta danna masa don ya huta, ta rushe katangar da aka gina tsarin a kai. Hikimar ita ce, wanda magani ya fara yi wa yawa barci zai ɗauke shi, hannunsa ya saki madannin, jiki ya sami sararin rage abin da ke ciki. In wani yana danna masa, wannan birki ya tsinke, numfashi yana iya yin ƙasa har ya tsaya. Abin ya faru sau da dama, har hukumar da ke tantance asibitocin Amurka ta fitar da gargaɗi na musamman a kansa a watan Disambar 2004. Aikin ɗan jinya shi ne ya lura, in ya ga abin da bai gane ba ya kira nas.

To, shin abin yana da amfanin da ake faɗa? Wajen kashe zafi, musamman zafin tari da motsi, babu gardama ya fi mofin ta jijiya a aikin da aka buɗe ciki. Hanji ma yakan farka da wuri. Amma kada a zuzuta. Wani babban gwaji da aka buga a mujallar Lancet a 2002, wanda aka yi a kan majinyata 915 masu rauni da aka yi wa manyan ayyukan ciki a Ostareliya da gabashin Asiya, bai sami bambanci a yawan mace-mace ba. Inda aka ga bambanci shi ne gazawar numfashi, kashi 23 cikin 100 ga masu efidural, kashi 30 ga sauran. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsoho ko mashayin taba. Shi ya sa tsarin gaggauta farfaɗowa bayan tiyata, wanda Henrik Kehlet na Denmark ya assasa a shekarun 1990, yake ɗaukar kashe zafi a matsayin tsani kawai, abin da ake nema shi ne mutum ya sauko daga gado tun washegari, ya fara kurɓar ruwa da wuri.

Illoli kuwa akwai su. Wadda ta fi yawa ita ce saukar ƙarfin jini, domin maganin yana sassauta jijiyoyin jini, sai mutum ya ji jiri in ya miƙe. Likitocin tiyata suna sa ido a kan wannan ƙwarai, saboda sabon ɗinkin da ke ciki yana bukatar jini ya isa gare shi. Akwai ƙaiƙayi da tashin zuciya daga fentanil, akwai riƙewar fitsari. Wani lokaci kuma bututun ba ya aiki sam, ko ya kashe gefe ɗaya ya bar ɗaya, ko ya zame ya fita. Wasu nazarce-nazarce sun nuna hakan yana iya kaiwa kusan mutum ɗaya cikin uku, saboda haka wanda bai ji sauƙi ba kada ya ɗauka haka abin yake, ya faɗa a gyara ko a sauya hanya.

Abin da kowa ke tsoro shi ne shanyewar ƙafafu, kuma tsoron yana da tushe ko da yake abin ba safai yake faruwa ba. Yana zuwa ne in jini ya taru ko ƙurji ya yi a cikin filin nan ya danne laka. Ƙungiyar likitocin sa barci ta Birtaniya ta bi diddigin irin waɗannan allurai na shekara guda a ƙasar, ta fitar da rahoto a 2009 cewa a cikin masu efidural don tiyata, lahani na dindindin yana samun kamar mutum 1 cikin 6,000 zuwa 1 cikin 12,000. Abin da ke ceton mutum shi ne saurin ganewa, domin in aka buɗe aka kwashe jinin cikin kamar awa 8 akwai kyakkyawan fatan warkewa. Don haka majinyaci da ɗan jinya su riƙe waɗannan alamu: ƙafa ta yi nauyi ko ta ƙi ɗaguwa, sabon ciwon baya mai tsanani, barcin da ba a iya tayar da mutum daga gare shi, numfashi a hankali ƙwarai, leɓe ya mutu ko kunne ya riƙa ƙara. Efidural na ƙirji bai kamata ya kashe ƙafa ba. In ya kashe, ba a jira gari ya waye.

Wannan ne ya sa likita yake yawan tambaya kafin aiki, kuma ɓoye masa gaskiya ganganci ne. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko kulofidogirel dole ya faɗa, haka mai shan sassaƙe da jiƙo. Wanda ya saba da taramadol ko kodin shi ma ya faɗa ba tare da jin kunya ba, domin jikinsa ba zai ji adadin da ke isar sauran mutane ba. Masu tsoron kada su kamu da jarabar ƙwaya kuwa su kwantar da hankali, abin da ke shiga jiki ta wannan hanya bai kai na allurar jijiya ba, kuma na 'yan kwanaki ne. Ba a yi wa wanda jininsa ba ya daskarewa da kyau, ko mai ƙurji a wurin hudar, ko wanda cuta ta shiga jininsa, ko wanda ya ce ba ya so.

Zamani kuma yana sauyawa. Tun da Seigo Kitano na Japan ya ba da rahoton cire ɓangaren tumbi ta ƙananan huji da na'urar leƙe a 1994, wannan hanya ta yaɗu ƙwarai a Japan da Koriya. In yankan ƙarami ne zafin ma bai kai ba, saboda haka asibitoci da yawa sun koma ga hanyoyi masu sauƙi, kamar kashe jijiyoyin bangon ciki, ko allurar mofin guda a ruwan laka, ko na'urar dannawa ta jijiya tare da farasitamol. Efidural ya fi ƙarfi ne a inda aka buɗe ciki sosai.

A ƙasarmu kuwa yawancin masu wannan ciwo suna isa asibiti a makare, bayan sun shekara suna shan maganin olsa, kuma in aiki ya yiwu galibi buɗe cikin ake yi. Wato mu ne muka fi bukatar abin, mu ne kuma ya fi yi wa nisa. Binciken ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya da aka buga a 2017 ya nuna Nijeriya ba ta da ko likitan sa barci ɗaya ga kowane mutum 100,000. A shekarar nan kuma wani kwamitin mujallar Lancet ya bayyana cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun fiye da kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa. A ganina na'urar ba ita ce mai wuyar samu ba. Mai wuyar ita ce nas da za ta zo da tsakar dare ta auna jini, ta ƙirga numfashi, ta ce wa majinyaci ɗaga ƙafarka in gani. Asibitin da ba zai iya wannan ba gara ya bar efidural ya yi amfani da hanyar da zai iya tsarewa. Wanda za a yi wa aiki, a gida ne ko a Indiya ko Masar inda mutanenmu suke yawan zuwa, yana da haƙƙin ya nemi ganin likitan sa barci tun kafin ranar, ya tambaye shi wace hanya za a bi, wa zai duba shi da dare, kuma me za a yi in ta ƙi aiki. In akwai bambancin harshe, a tabbata tafinta ya yi wa majinyacin kansa bayanin madannin, ba ɗan rakiya kaɗai ba.

Bututun yakan zauna kwana 2 zuwa 4. Kafin a cire, akan fara ba da maganin sha ko na jijiya, a tsayar da na'urar na 'yan sa'o'i a ga yadda mutum zai ji, domin zafi yakan ɗan dawo. Cirewar ba ta da ciwo, amma tana da lokaci: in ana yi wa majinyaci allurar hana daskarewar jini a fatar ciki, sai an bar awa 12 bayan ta ƙarshe, kuma ba a yin ta gaba sai bayan awa 4 da cirewa. Nas za ta duba bakin bututun ta tabbata ya fito cikakke, a ci gaba da duba ƙafafu har kwana guda. Ƙurji kuwa yana iya ɓullowa bayan an koma gida, saboda haka wanda ya ji zazzaɓi da ciwon baya, ko ƙafa ta fara nauyi, ko fitsari ya ƙi fita, ya koma asibiti a ranar, ya kuma gaya wa likitan da ya tarar cewa an sa masa bututu a baya.